Ƙafar Jirgin Tsallake

Usaini ya kwance robar da ya ɗaure buhun da ita a bayan babur, ya rungumo shi da hannu biyu ya dire a bakin shagon Ashafa. Ƙarfen da ke ciki ya bugi siminti da ƙarfi, har mai shayin da ke gefe ya waigo.

Ranar kasuwar Batsari ce, layin masu kayan gyara ya fara cika. Ashafa yana tsugune yana jera fulogi da bel-bel a kan tabarma. Duk wanda ke da injin ban-ruwa ko na niƙa daga nan har Runka ya san shagonsa. Ya miƙe yana share hannu a jikin rigarsa.

"A'a, direban ruwa. An zo lafiya? Ya mutanen Tsallake?"

"Lafiya lau, Alhamdu lillahi. Ya kasuwa, ya iyali?"

"Da godiya. Ya Inno da ƙafar tata? Ya kuma zaman da ake ciki?"

"Da sauƙi. Zama kuma sai addu'a."

Sai da suka gama gaisawa tsaf sannan Usaini ya buɗe bakin buhun. Ashafa ya leƙa, ya jawo benci ya zauna.

Jirgin Tsallake ba irin kwalekwalen da ake rataya wa inji a baya ba ne. Injinsa a ciki yake zaune kamar na mota, sai wata ƙafa ta ƙarfe da ta bi ta wani rami a bangon bayan jirgin ta sauka cikin ruwa, farfela a ƙarshenta. Wannan ƙafar ce ke juya farfelar, ita ce kuma ke karkata jirgin dama ko hagu. Wani shirin kiwon kifi ne ya kawo jiragen guda biyu tun Usaini yana saurayi. Da shirin ya watse, mutanen Tsallake suka haɗa hannu suka sayi ɗaya a gwanjo, domin idan damina ta sauka dam ɗin yakan cika ya raba su da titi. Akwai hanyar ƙasa, amma ta cikin daji take zagayawa, kuma a kanta 'yan bindiga suka kashe Abdulhakim, yayan Usaini, wanda shi ne ya fara tuƙa jirgin. Tun daga lokacin ba mai bin ta sai wanda ya rasa yadda zai yi. Shanun gidansu kuwa an kore mafi yawansu, don haka Usaini ya ajiye sanda ya kama sitiyarin da yayansa ya bari.

"A tsakiyar ruwa ta yi min," Usaini ya ce. "Injin yana ta kuka lafiya lau, amma jirgin ya tsaya cak. Sai da muka yi ta tuƙi da gora da murfin bokiti kafin muka kai gaɓa."

Ashafa ya kira Daudu mai walda daga rumfar da ke kallon shagonsa. Suka kwance murfin saman ƙafar. Wani mai fari-fari kamar kunu ya dalalo, da ɓarɓashin ƙarfe a ciki. Daudu ya sa yatsa ya juya giyar da ke ciki, wato ƙarfen nan mai haƙora da ke juya farfela, ya nuna wa Usaini inda haƙoranta suka ɓalle.

"Ruwa ya daɗe yana shiga," in ji shi. "Ya cinye man, sai ƙarfe ya ci ƙarfe."

"Ba ka iya ɗora mata haƙora da walda?"

"Ina iyawa. Ka ba ni zuwa azahar ka ga ta yi kyau kamar sabuwa. Amma ba irin ƙarfenmu ba ne, an gasa shi ne a masana'anta. Abin da zan ɗora zai riƙe ka yau, ya riƙe ka gobe, jibi ya ɓalle kana tsakiyar dam da mata da yara. Ba da hannuna ba, Usaini."

Ashafa ya ciro waya. Ya sa Usaini ya goge wani ɗan allon ƙarfe da ke manne a gefen ƙafar har lambobin suka fito, ya ɗauki hotonsu. Ya fara kiran wani abokin cinikinsa a Ƙofar Ruwa a Kano. Mutumin ya ce shi kayan mota ya sani, amma ya ba da lambar wani a Lakwaja. Na Lakwaja ya dubi hoton ya ce tun yana yaron shago rabonsa da ganin irinta. Shi ma ya tura su ga wani ɗan kasuwa a Legas, wanda ya yi zaman Kano yana jin Hausa. Ashafa ya buɗe muryar wayar don Usaini ya ji da kunnensa.

"Alhaji, wannan kamfani ya daina yin wannan tun tuni," in ji mutumin. "Sun sayar da kansu ga wani kamfani, sabon kuma ya ce shi ba ruwansa da tsohon kaya. Sabo babu, ko a ƙasar da aka yi shi. Sai dai tsoho. Zan iya sa yarona ya nema a ƙasar waje, wurin masu fasa tsofaffin jirage. Amma zai ɗauki watanni. Kuma in ya zo, ban san abin da ke cikinsa ba. Ba na karɓar kaya in an mayar."

Ashafa ya yi masa godiya ya kashe. Wani manomi ya zo neman bututun ruwa, ya tashi ya sallame shi, ya dawo ya tarar da Usaini yana ta shafa gefen ƙafar da tafin hannu.

"Watanni," Usaini ya ce a hankali. "Gero ya riga ya fitar da kai."

Da asuba, kafin ya fito, Malam Abdulƙadir ya tsayar da shi a ƙofar masallaci. Malam shi ne limamin Tsallake, shi ke koyar da yaran Islamiyya, shi ne kuma ke riƙe da al'amuran jirgin a madadin jama'a. Ya gaya masa magidanta sun zauna jiya. Ɗan kwalekwalen katakon da ya rage musu mutum uku yake ɗauka, kuma yana yoyo. Ba ya ɗaukar buhu, ba ya ɗaukar mara lafiya a kwance. Wasu gidaje sun ce in jirgi ba zai tashi ba, gara su kwashe iyali tun yanzu su koma Batsari ko Katsina su raɓa da 'yan'uwa, gonakin su bar wa Allah. Malam ya ce in gida biyar suka tashi, sauran ba za su iya zama ba, don ba za a sami masu gadin gari ba. Ita kuwa Inno, mahaifiyar Usaini, ta riga ta faɗa cewa ba inda za ta je ta bar kabarin mijinta da na ɗanta.

"Bari in gaya maka abin da nake gani," Ashafa ya ce. "A cire injin gaba ɗaya. Daudu ya toshe ramin bayan nan da faranti. A ɗora maka injin ban-ruwa babba a kan abin da zai riƙa juyawa, a haɗa masa dogon bututu da sanda a ciki, farfela a ƙarshe. Duk abin da ya lalace a jikinsa, ga shi nan a tabarmata. Ko a kasuwar Runka ka samu."

Usaini ya ɗago. "Injin ban-ruwa? A jirgin Abdulhakim?"

"Jirgin Tsallake dai."

"Ka san injin nan kuwa? Tun da na kama shi bai taɓa ba ni kunya ba. Ruwan sama, iska, komai. Murɗa makulli ɗaya yake tashi. Waɗannan naka da kake sayarwa, duk wata sai an kawo maka su gyara."

"Gaskiya ne. Ana kawo su, in gyara, a koma da su a ranar. Naka bai taɓa lalacewa ba, na yarda. Yau da ya lalace ga mu nan muna kiran Legas."

Usaini ya tuna yadda yayansa kan wanke injin da tsumma kowace Juma'a, da yadda ya koya masa sauraren kukansa kafin ya saki igiya. Da jirgin ya ɗauki gudu, gabansa yakan ɗaga sama, ruwa ya rabe biyu, yara a gaɓa su yi ta tsalle. A duk faɗin yankin ba wani abu mai kyau irinsa da za a ce na Tsallake ne.

"Ɗayan fa?" ya tambaya. "Ai biyu aka kawo."

Ashafa ya ɗan yi tunani. "Na taɓa ganinsa a Safana, a bayan tsohon ofishin masu kifin. Amma an daɗe. Wataƙila 'yan gwangwan sun gama da shi."

"Zan je in gani."

"Je ka. Ka tambayi Baba Ɗanmaraya, shi ke gadin wurin. Ka ɗauki sifanun nan. Kuma don Allah ka dawo da wuri, kada yamma ta yi maka a hanya."

Hanyar Safana ta sha ruwa. Usaini ya yi ta kauce wa ramuka, yana wuce motocin a-kori-kura cike da mutane da awaki masu tahowa kasuwa. Gero a gefen titi ya yi tsayi ya yi duhu. A wasu wuraren kuma gonaki ne da ba a shuka ba bana, ciyawa ta rufe su, da gidajen da aka cire wa kwano aka tafi. Bai so ya kalle su sosai ba.

Tsohon ofishin yana bayan gari, fentinsa ya koɗe, an ɗaure ƙofar shingen da waya. Wani tsoho siriri yana zaune a gindin dalbejiya yana saƙar igiya. Usaini ya kashe babur, ya cire takalmi, ya durƙusa.

"Salamu alaikum, Baba. Barka da hantsi."

"Wa alaikumus salam. Barka kadai, samari. Daga ina?"

"Daga Tsallake. An tashi lafiya, ya ƙarfin jiki?"

"Jiki ya yi sauƙi. Ya ruwa wajenku? Ya haƙuri da abin da ke faruwa?"

"Haƙuri sai ma'abocinsa, Baba."

Ya faɗi abin da ya kawo shi. Ɗanmaraya ya ajiye igiyar, ya dogara sanda ya miƙe, ya ja shi zuwa bayan ginin. Jirgin yana nan a kan wasu tubala, ya karkace gefe guda. Ruwan sama ya taru a cikinsa ya yi kore, kwaɗi suka yi ta faɗawa da suka ji motsi. Wata mata ta shanya kuɓewa a kan hancinsa. Usaini ya zagaya baya da sauri. Ƙafar tana nan, ta yi tsatsa a wasu wurare, amma ba abin da aka cire daga waje.

"'Yan gwangwan sun sha zuwa," in ji tsohon. "Na ce musu kayan hukuma ne, ba a ba ni izini ba. Kai dai buɗe ka duba, dubawa ba ɗauka ba ce. In akwai abin da zai yi maka amfani, sai mu je wurin mai ba da izinin."

Notunan sun kama. Usaini ya zuba musu baƙin mai, ya yi ta bugawa a hankali, zufa tana ɗiga daga haɓarsa. Ɗaya bayan ɗaya suka saki. Ya yi bismilla ya ɗaga murfin.

Giyar tana ciki. Ya sa yatsa ya juya ta, haƙoran suna wucewa lafiyayyu, sai ga gurbi. Ya sake juyawa don ya tabbatar. Sun ɓalle a wuri ɗaya da nasa, kusan ma adadi ɗaya. Ya zauna a ƙasa cikin ciyawa, sifana a hannu.

"Abin da ya kwantar da shi ke nan," Ɗanmaraya ya ce. "Injiniyoyin sun ce wata roba ce a wuyan ke tsagewa ruwa ya shiga. Suka aika a kawo kayan, aka yi ta jira, har aikin ya tashi kowa ya kama gabansa." Ya ƙura wa Usaini ido. "Kai ƙanin wannan dogon Bafulatanin ne ko? Mai ɗan tabo a goshi?"

"Abdulhakim. Yayana ne. Ya rasu."

"Na ji labari. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

"Amin."

"Ai ya zo nan. A nan inda kake zaune ya zauna. Ya buɗe wannan murfin, ya ga abin da ka gani. Ya je ya nemi izini aka ba shi robar wuyan da wasu boris, zobban ƙarfen da sanda ke juyawa a ciki, ya ce za su ƙara masa 'yan shekaru."

Usaini ya juyo sosai. "Bai taɓa gaya mini ba."

"Lokacin kana bin shanu, ina jin. Na tambaye shi, na ce to ranar da taka ta karye fa? Ya yi dariya. Ya ce, Baba, ranar sai in toshe ramin in ɗora duk abin da na samu, ko injin markaɗe ne. Ya ce shi ba ƙafar ya saya ba, ƙetarewa ya saya." Tsohon ya gyara tsayuwa a kan sandarsa. "Mutum ne mai raha. Har goro ya ba ni."

Usaini ya daɗe yana kallon giyar. Sannan ya mayar da murfin, ya ɗaure notunan duka yadda ya same su. Ya wanke hannu da ruwan da ke cikin jirgin, ya yi wa tsohon godiya, ya sa masa ɗan abin goro a aljihu duk da yana ƙi.

A masallacin bakin tasha ya yi azahar. Da ya fito ya kira Malam Abdulƙadir. A Tsallake waya ba ta kamawa sai a kan gaɓar dam, kuma Malam ya yi alkawarin zai hau can bayan salla ya jira. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Allah gafarta Malam, barka da rana."

"Barka kadai, Usaini. Ya hanya? An dace?"

Usaini ya gaya masa komai, tun daga maganar mutumin Legas har zuwa jirgin Safana, da shawarar Ashafa. Iska tana ta kaɗawa a cikin wayar.

"Wannan da Ashafa ya ce, zai ɗauki buhu?"

"Zai ɗauka, Malam."

"Zai ɗauki mai naƙuda a kwance, da masu riƙe ta?"

"Jirgin ai shi ne dai, faɗinsa bai ragu ba. Gudun ne ba zai yi ba. Tafiyar za ta ninka, ko ta fi."

"To wa muke tsere da shi? Kai kake tuƙi, kai ka san ruwan. In ranka ya kwanta da shi, ni zan gaya wa jama'a yanzu a masallaci kada kowa ya ɗaure kaya."

"Ya kwanta, Malam."

"Madalla. Allah ya yi maka albarka. Ka taho da rana."

Da ya koma Batsari kasuwa ta cika maƙil, sai da ya tura babur da ƙafa a cikin layin. Ashafa ya dube shi, ya dubi hannunsa da ba komai. Ya miƙa masa ruwa a kofi.

"A toshe ramin," Usaini ya ce bayan ya sha.

"To. Dama ban zauna ba bayan tafiyarka. Akwai mai injin casar shinkafa a Runka da ya daɗe yana neman babban inji. Na yi masa maganar naku, ya ce in lafiyarsa ƙalau zai karɓa. Abin da zai bayar ya isa sabon injin da aikin Daudu, har a sami na ajiye fulogi da farfela ta biyu."

"Lafiyarsa ƙalau. Ka gaya masa ya riƙa duba mai kafin ya tayar. Kuma ba ya son a matsa masa da sanyin safiya, sai ya ɗan yi ɗumi."

"Kai za ka gaya masa da bakinka. Runka ce fa, ba Makka ba. Duk ranar da ka yi kewarsa ka je ka ji kukansa."

Daudu ya riga ya jawo wani dogon bututu daga bayan rumfarsa, ya zura sandar ƙarfe a ciki, yana gwada boris a bakinsa. Ya tambayi Usaini tsayin bangon bayan jirgin daga ruwa. Usaini ya nuna masa da hannu, daga gwiwar hannu zuwa yatsa da ɗan ƙari. Daudu ya zana wani abu a ƙasa da guntun alli, ya goge, ya sake zanawa. Ya ce farantin da mazaunin injin sai ya ga jirgin da idonsa, don haka gobe da safe shi da Ashafa za su taho da a-kori-kura da janareton walda, su ƙetara da shi a ɗan kwalekwalen. Amma bututun Usaini ya tafi da shi yau, ya gwada shi a jikin jirgin, in ya yi tsawo ya sa alama.

Suka naɗe shi da buhuna don kada ƙasa ta shiga boris, suka ɗaure shi a gefen babur. Ya zarce gaba, ya zarce baya. Tsohuwar ƙafar kuwa Usaini ya tura ta ƙarƙashin bencin Ashafa da kansa.

La'asar ta yi lokacin da ya isa shingen jami'an tsaro da ke mararrabar Tsallake. Tun daga nesa ya ga sun miƙe tsaye. Wani ya ɗaga hannu, wani ya gyara riƙon bindigarsa. Sai a lokacin Usaini ya lura da kamar da kayansa suka yi: Bafulatani a kan babur, da dogon ƙarfe naɗe cikin buhu. Ya kashe babur tun kafin ya ƙaraso, ya sauka, ya buɗe tafukan hannunsa.

"Mene ne wannan?" in ji wani soja baƙi kakkaura.

"Bututu ne, ranka ya daɗe. Na jirgin ruwa."

"Jirgin ruwa a nan? Kwance. A hankali."

Usaini ya durƙusa ya warware buhunan. Sojan ya matso, ya taɓa bututun da takalmi, ya sunkuya ya leƙa bakinsa. Ya kama sandar ciki ya juya ta. Sai fuskarsa ta saki.

"Kai, doguwar wutsiya za ka yi?" Ya juya wajen abokan aikinsa. "Ku bar shi, na san wannan." Ya rataya bindigar a baya ya tsuguna. "Ni mutumin Yawuri ne. Babana da irin wannan ya ciyar da mu. Wane inji za ka sa?"

Usaini ya gaya masa.

"Ya isa. Amma ka ce wa mai waldar kada ya miƙar da shi sosai, ya kwantar da shi, farfelar ta ɗan nutse kawai. Kuma ya yi mata ɗan ƙarfe a ƙasa saboda kututture. In ka ga ciyawa, danna hannu ka ɗaga ta sama ka wuce. Wancan mai ƙafar ai ba ya iya haka." Ya taya shi mayar da buhunan, har ya ja masa robar ya ɗaure. "In kun gama ka zo ka faɗa min. Rabona da shiga jirgi tun da aka kawo ni nan."

"In sha Allahu kai ne za ka fara shiga."

A bakin dam ya ajiye babur a gidan da ya saba ajiyewa, ya saɓa bututun ya gangara. Ruwan ya kwanta, rana ta yi ja a kansa. Ya shimfiɗa bututun a cikin ɗan kwalekwalen, ya kwashe ruwan da ya taru da gwangwani, ya kama tuƙi. Can gaba jirgin yana ɗaure a gaɓar Tsallake, bayansa a ɗage kan duwatsu, ramin a buɗe.

Mutane sun taru a gaɓa, maganar Malam ta riga ta zagaya. Aka karɓi bututun hannu da hannu, kowa yana son ya taɓa. Usaini ya gwada shi a bayan jirgin, ya ɗaura zare inda za a yanke, ya amsa tambayoyin da zai iya amsawa. Sannan ya haura zuwa gida.

Inno tana bayan shinge a kan 'yar kujerarta, tana tatsar ɗaya daga cikin shanun da suka rage. Bai san yadda zai fara ba. Ya tsuguna nesa kaɗan ya gaishe ta da Fulatanci, ta amsa ba ta ɗago ba.

"Inno, ba a samu ba. An daina yin irinta. Gobe za a cire injin, a sa wani ƙarami."

"Na ji a bakin mata." Hannunta bai tsaya ba. Ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba, ko bayan rasuwarsa. "Na yayanka za a fitar ke nan."

"E. Runka za a kai shi, zai riƙa casar shinkafa."

"Sabon zai yi gudu irin na da?"

"A'a, Inno. Ko kusa. A hankali zai riƙa tafiya."

Ta matse nonon ƙarshe, ta janye ƙwaryar daga ƙarƙashin saniyar, ta rufe da faifai.

"To madalla," ta ce. "Shekara da shekaru ina shiga jirgin nan da ƙwarya cike, ban taɓa sauka da ita cike ba. Rabi a zanena yake ƙarewa. Na ga yayanka yana jin daɗin gudun ne, shi ya sa ban taɓa yi masa magana ba. Kai ma haka." Ta miƙa masa ƙwaryar. "Karɓi ka kai ciki. Ka ce wa masu aikin su zo da wuri, ina da nonon da zan kai kasuwa."